Kubura da Kwalaben Mutumin Gwandu

A Kalgo ta wancan zamani, idan yaro ya kwana yana firgita, ko jariri ya ƙi nono, ba a doguwar shawara. Uwar za ta saɓa shi a kafaɗa ta nufi gidan Namadi masunci, ta ce a kira mata Kubura. Kubura za ta fito tana goge hannu a zani, yawanci da toka har gwiwar hannu domin sabulu take dafawa, ta karɓi yaron, ta karanta abin da ta sani, ta tofa masa a ka, ta shafa. Ba malama ba ce. 'Yar malami ce dai daga Dangoma, ta tsinci 'yan surori a bakin ubanta tun tana ƙarama, ta riƙe su gam. Amma mutane sun ce bakinta yana da sanyi, kuma ko ɓarin goro ba ta karɓa. Har awaki an kai mata. Wani ma ya taɓa tsare ta a hanyar kasuwa ta tofa wa jakinsa mai tari. Ta tofa, jakin ya mutu, amma wannan labarin ba a cika bayar da shi ba.

Yaro ɗaya ne a duk garin bai taɓa samun tofin nan ba, shi ne wanda ta fara haifa. Lukuman ɗan fari ne, kuma a gidan da Kubura ta tashi kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko da yana jariri sai ta shiga ɗaki ta saki asabari kafin ta ba shi nono. Ana yaye shi wan mijinta, Ahmadu, wanda ke aikin malanta a Gwandu, ya zo ya ɗauke shi riƙo kamar yadda aka saba. Ranar da aka ɗora shi a kan jaki Kubura tana bayan ɗaki tana tace ruwan toka. Matan gida suka yi ta yabonta, wai ko leƙowa ba ta yi ba, 'yar mutunci. Ba wadda ta lura cewa toka ɗaya take ta maimaitawa har ruwan ya koma fari.

A Gwandu ya girma, kuma matar Ahmadu, Madina, ita yake kira Inna. In an kawo shi Kalgo gaisuwar Salla sai ya durƙusa daga nesa ya ce, "Ina kwana, Innar Indo?" Indo ita ce ƙanwarsa. Kubura ta amsa wa bango, ta ce lafiya lau. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "mutumin Gwandu". Ahmadu ya sa shi boko a lokacin da wasu ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a rubuta su. Daga elementare ya wuce Sakkwato, daga Sakkwato ya wuce Zariya, daga can aka ce an tura shi Ingila koyon sanin abin da ke cikin abubuwa. Kowace tafiya sai ya riga ya yi nisa sannan labari ya iso Kalgo. Wannan shi ne abin da ke cin Kubura a rai. Ba ta taɓa neman ya zauna kusa da ita ba, ta san ba nata ba ne wannan. So take sau ɗaya dai ya bar gida da addu'arta a jikinsa, kamar yadda 'ya'yan maƙwabta ke samu don za su kiwo.

Mijinta Namadi ya rasu, Indo ta yi aure a gidan da ke jikin nasu, Kubura ta ci gaba da sabulunta. Sai a daminar 1959 aka wayi gari wata motar kaya ta sauke Lukuman a bakin kasuwa da akwatunan katako, kowane an rubuta masa jan rubutu. An ba shi hutu, ya ce a Kalgo zai yi shi, saboda itatuwan maɗacin da ke bakin fadama. Kubura ta share masa ɗakin ubansa, ta shafe ƙasan da sabon daɓe, ta ce wa Indo, "Ki ce ma mutumin Gwandu ga ɗaki nan, in bai raina ba."

Ba a daɗe ba ɗakin Namadi ya koma wani abu dabam. Kwalabe masu dogon wuya, risho, auduga fara, da wasu tuluna na gilashi cike da ruwa mai warin sifirit wanda Lukuman yake lallaɓawa kamar man shanun amarya. Indo ce mai shiga ta fita, kuma ita ce mai baki. Kullum da la'asar za ta zauna a tsakar gida da goyonta ta yi ta yi masa tambaya, shi kuma ya amsa da murya sama fiye da yadda nisan da ke tsakaninsu yake bukata. Duk su biyun sun san wa ake yi wa bayanin. Kubura tana can ta ba su baya tana juya tukunyar sabulu.

Indo ta ce, "Wai Yaya, duk wagga wahala don ɓawon maɗaci? Mu nan jiƙa shi mukai mu sha in ciki ya murɗa."

Ya ce, "Ɗacin nan da kika ji, Indo, wani abu na mai jiki nai. Shi nika son in hid da, shi kaɗai, hwari tas, babu komi tare da shi. In na kai ɓawon can sai shi lalace cikin jirgi, shi as sa nika yi nan."

"In ka hid da shi sai a sha?"

"Sai a tambaye shi. Can makarantarmu an kawo wata na'ura sabuwa, da maganaɗisu wanda raƙumi bai iya ɗauka. A narka garin cikin wani ruwa, a zuba cikin kwalba siririya awa alƙalamin kara, a sa ta tsakanin ƙaruhhan tana juyawa. Na'ura ta aika mashi irin abin da rediyo ka kamawa, shi amsa, wani alƙalami shi zana tudu da kwari bisa takarda. Daga tuddan nan muka gane yadda Allah Ya gina shi."

Indo ta riƙe baki. "To in da datti hwa?"

"Datti ma amsawa shikai. Ko ɗigon ruwa, ko ƙurar ƙarhe, sai shi zana nashi tudu shi ruhe na gaskiya. Shi as sa kika ga ina ta tata."

Kubura ta ji duk wannan, kuma tatar ce ta fi shiga kanta, don ita ma rayuwarta ke nan. Tana kallonsa ta gefen ido. Ya daka ɗanyen ɓawo a sabon turmi, ya jiƙa a ruwan nan mai wari, ya tace ta cikin auduga, ya ɗora a kan ruwan zafi har ya ƙafe ya bar wani jan danƙo. Ya sake narkawa, ya sake tacewa, ya sa kwalbar a gindin randa ta yi sanyi. Da safe sai ga wasu 'yan ƙwayoyi sun fito a gindin kwalbar. Bai yarda da su ba, ya sake narkar da su. Yadda yake ɗaga kwalba sama ya karkata kai yana duba ta a hasken rana, haka ita ma take duba ruwan toka. Ba wanda ya koya masa, ba a gabanta ya tashi ba. Abin ya yi mata daɗi har ta rasa wanda za ta gaya wa.

Damina ta yi nisa kafin ya samu abin da yake so: gari fari kamar gishiri, wanda duka-duka bai cika cokali ba. Ya raba shi a 'yan faya-fayen gilashi, ya jera su a cikin wata tukunyar gilashi mai nauyin murfi. A ƙasan tukunyar akwai wasu fararen tsakuwoyi da ya ce suna shanye laima, bakin murfin kuma ya shafe shi da wani mai don kada iska ta shiga. Ya ce garin zai zauna nan ya bushe sarai, sai ranar tafiya ya zuba a kwalabe ya liƙe da wuta. Ya gaya wa Indo, da muryar nan tasa ta tsakar gida, kada kowa ya buɗe. Sannan ya hau keken aro ya tafi Gwandu sallama da Ahmadu da Madina, don hutu ya kusa ƙarewa kuma jirgin ruwa a Ikko ba ya jiran kowa.

Da hantsi, bayan tafiyarsa, Kubura ta zauna ta kasa aikin komai. Ta san abin da za a yi a Gwandu. Madina za ta ɗora masa hannu a ka, ta kira sunansa ƙarara, ta yi masa addu'a. Ba ta jin haushin Madina, matar ta riƙe shi da amana. Amma shi ke nan zai sake hawa ruwan gishiri, ita kuma ta sake aika masa da sabulu. Ta dubi ƙofar ɗakin Namadi. A ganinta garin nan guminsa ne, a jikinsa zai yi tafiya, a hannunsa zai isa. In ba ta isa ta taɓa kansa ba, ai ta isa ta taɓa kayansa. Maganar kada a buɗe kuwa, ta ɗauka don yara ne da kaji da masu ƙazamin hannu. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa za a sa tofi a layi ɗaya da datti.

Ta yi alwala, ta wanke hannu da sabulu, ta shiga. Murfin ya ƙi ɗaguwa, sai da ta zame shi gefe kamar yadda ta ga yana yi. Ta karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ta tofa a kan kowane faifai, a hankali, kada garin ya tashi. Ta roƙi Allah Ya tsare mai shi a tudu da ruwa. Da za ta rufe sai ta ga maiƙo a bakin murfin, ta ce a ranta namiji dai namiji ne, ko ya je Ingila. Ta sa bakin zaninta ta goge shi tas, ta mayar da murfin, ta fito da zuciya wasai. Ranar har waƙa Indo ta ji tana yi a bakin murhu.

A daren ruwa ya sauko, ya wuni washegari yana zuba, bango ya yi gumi, gishiri ya narke a ƙwarya. Lukuman ya dawo ya shiga ɗakin. Can sai ya fito da tukunyar gilashin a hannu. Farin garin ya zama wani abu mai yauƙi, ruwan ƙasa, kamar ƙaro a jikin itace. Kubura tana tankaɗe, ta gani, rariyar ta tsaya a hannunta.

Ya ce, "Indo! Wa ab buɗe wanga abu? Ba ni ce kar a taɓa ba? Ke ɗai ka shiga shara!"

Indo ta rantse da Allah ba ita ba ce. Bai saurare ta ba, ya ci gaba da faɗa. Ya ce aikin damina guda ne, ya ce ruwan da yake narkawa da shi saura ɗan gindin tulu kuma babu irinsa daga nan har Ikko, ya ce zai koma hannu wofi ya tsaya gaban malamansa kamar wanda ya je yawo. Indo ta fara kuka. A nan ne Kubura ta ajiye rariya, ta juya ta fuskanci turmi, ta yi magana.

"Indo, ki ce ma mutumin Gwandu shi bar ki hakanan. Ni ab buɗe. Abu za shi ƙetare ruwan gishiri, nic ce ba a barin shi shi tahi babu addu'a."

Lukuman ya tsaya da tukunya a hannu. Ya dubi garin, ya dubi bayan uwarsa, ya gane abin da aka yi. Da ya yi shiru da ya fi, amma yaro ne kuma ransa ya ɓaci. Bai ko bi ta kan Indo ba.

"Ɗiyan garin ga duka an yi masu tohi. Awaki an yi masu. Ni daɗai ban samu ba, sai garin maganina anka ga dama."

Ya koma ɗaki. Kubura ta ɗauki rariya ta ci gaba da tankaɗe, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta yabo ba. Ta ɓata wa ɗanta aiki da bakinta, wannan ɗaya ke nan. Amma maganarsa ta ƙarshe ta fi yi mata ciwo, kuma a cikin ciwon akwai wani abu da ba ta zata ba. Ashe yana lura. Ashe duk shekarun nan da yake durƙusawa daga nesa yana kallon 'ya'yan mutane a cinyarta, ƙirgawa yake yi.

Gari na wayewa ta ɗauki gatarin Namadi ta nufi fadama. Ruwa ya cika har gwiwa, ƙafa tana nutsewa a laka. Ta sassaƙo ɓawon maɗaci cike da kwando, irin mai kaurin da ta ga yana zaɓa, ta ɗauko a ka. Ta wanke sabon turmin, ta shanya, ta hau daka. Mace ce da ta ba hamsin baya, amma ranar maƙwabta sun ɗauka 'yan mata aka tara. Ta tura ƙwaryar dakakken ɓawon bakin ƙofarsa ta koma. An jima ta ji ƙarar risho.

Haka suka yi sauran kwanakin, ba mai ce wa wani uffan. Ita ta kawo ɓawo ta daka, shi ya jiƙa ya tace, yana auna ruwan nan ɗigo-ɗigo don ya kai shi. Ba ta sake taka ɗakin ba. Ta dai ɗauko kujerarta ta zauna a bakin ƙofa da tsumagiya, kaza ba ta isa ta gifta ba, Indo ma sai da ta ajiye tsintsiya a waje. Abin da aka samu a ƙarshe bai kai rabin rabin na farko ba. Kubura ta ji yana gaya wa Indo cewa zai isa a tambayi na'ura, amma sauran gwaje-gwajen da ya yi niyya sai dai a haƙura, wataƙila karatun ya ƙara tsawo. Bai faɗa da ɗaga murya ba wannan karon, amma ta ji.

Ranar tafiya motar kaya tana bakin kasuwa tana lodi. Da sassafe Lukuman ya zuba garin a cikin 'yan siraran kwalabe, ya kunna wata ƙaramar wuta shuɗiya, ya riƙa kara bakin kowace kwalba a wutar yana juyawa har gilashin ya yi laushi, ya ja, bakin ya haɗe. Kubura tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale, ta ba gidan baya kamar ranar da aka ɗora shi a jaki. Ta riga ta haƙura. A ranta ta ce wadda ta yi ɓarna irin tata ba ta da bakin roƙon komai.

Sai ta ji takunsa, kuma bai tsaya inda ya saba tsayawa ba. Ya zagayo gabanta ya durƙusa a bakin tabarmar, kusa har tana jin warin sifirit a rigarsa. Kwalaben suna kwance a kan auduga a cikin tafukansa biyu.

Ya ce, "Indo, ki ce ma Inna an liƙe su yanzu. Ko gulbi anka jehwa su ruwa bai shiga. In da addu'a, a yi masu."

Inna kawai ya ce, ba Innar Indo ba. Kubura ta miƙa hannu don ta karɓi kwalaben, bai sake su ba. Ta jira, bai ajiye su a tabarma ba. Ya riƙe su nan a gaban ƙirjinsa, ya sunkuyar da kai a kansu har hularsa ta kusa taɓa haɓarta. Indo, mai baki, ta tuna akwai wani abu da ta bari a wuta a gidanta.

Kubura ta fara karatu. Ta karanta surorin da ta saba, ta ƙara da duk abin da ta tsinta a Dangoma, har wanda ta yi zaton ta manta. Direba yana ta danna oda a bakin kasuwa, ba wanda ya motsa. Da ta gama ta tofa, kuma Allah Ya sani kaɗan ne ya sauka a gilashi. Ta ɗora hannu ta shafa daga goshi zuwa ƙeya, ta ji kansa yana rawa a ƙarƙashin tafinta. Ya tashi bai ɗago ido ba, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Kubura ta rayu shekaru bayan haka, tana dafa sabulu tana tofa wa 'ya'yan Kalgo, kuma ba ta taɓa faɗin sunansa ba har ta koma ga Allah. Indo dai ba ta iya riƙe magana, labari ya zaga unguwa. In tsofaffi sun haɗu wajen suna sai wata ta tsokane ta, ta ce ashe Kubura an zubar da kunya, an shafa kan ɗan fari da rana tsaka. Sai ta gyara ɗaurin kallabi, ta kawar da kai, idonta ya ciko.

Ta ce, "Ku ji min sharri. Ni kwalabe niy yi ma."